Muhawara: Gyara saitin kofla a Revit ado ne kawai?

Injiniya Bello, Arkilla: Ni dai ina nan kan bakana. Kofla, wato abin da ke haɗa bakin rodi biyu, ƙarfe ne da masana'anta ta riga ta ƙera, duk abin da ka rubuta a Revit, manhajar zanen gini, ba ya canza shi. Ka dasa shi a bakin rodi, jadawali ya ƙirga maka adadi, shi ke nan.

Injiniya Hadiza: Yallaɓai, ban yarda ba. Manhajar tana datse rodi ko ta ƙara mashi tsawo gwargwadon zurfin shigarsa cikin kofla da ka rubuta. A ce tsawon kofla milimita 120 ne, kowane baki yana shiga 50, to akwai ratar 20 a tsakiya. Ka rubuta 60, ratar ta ɓace, kowane rodi ya fito da ƙarin milimita 10 a jadawalin yanka. Da wannan takardar mai ɗaurin rodi yake aiki.

Bello: Milimita 10? Wa ke yanka da wannan daidaiton a Sakkwato?

Malam Nasiru, Mabera: In goya rodi za a yi, wato a ɗora ƙarshen wani kan wani a ɗaure, gaskiyarka, tsawon goyo ninki 50 na kaurin rodi yana haɗiye kuskuren. Kofla ba ta da wannan rangwamen, zare ne irin na noti, ko ya shige duka ko bai shige ba. Amma abin da ya fi damuna kaurin kofla ta waje. Rodi mai kaurin milimita 25, a ce koflarsa 40 ce, ta turo milimita 7.5 kowane gefe. Zoben da ke ɗaure rodi ya hau kanta, kankaren da ke lulluɓe ƙarfe na milimita 30 ya koma 22.5. Sai damina ta zo, tsatsa ta samu hanya. In ba ka shigar da ainihin kaurin daga takardar masana'anta ba, zanen zai nuna maka komai lafiya lau.

Hadiza: Kuma a kula, gyaran saitin nau'in kofla a Revit yana shafar duk koflar wannan nau'in a aikin. A kwafa tukuna, a sa mashi suna, sannan a gyara. Inda rodi mai 32 ke haɗuwa da mai 25, girman rodi na ɗaya da na biyu daban za a cika. A zaɓi baki mai zare, don a san adadin bakunan da za a kai inji.

Bello: To me zai hana a goya a huta?

Nasiru: A ƙananan rodi ni ma haka nake gani, ranka ya daɗe. Amma goyon rodi mai 32 mita 1.6 ne, kusan kilo 10 a mahaɗa guda. Ginshiƙi mai rodi 12 kuma ya zama 24 a wurin goyo, tsakuwa ba ta samun hanyar wucewa, a cire katako a tarar da ramuka.

Bello: Maganar kaurin waje na karɓa. Ta milimita 10 kuwa, sai an fara auna rodin kasuwa an tabbatar 25 ɗin ya cika 25 kafin a yanka mashi zare.