Cron ya ƙi ajiye min kwafin /etc

Assalamu alaikum. So nake sabata (server) mai Ubuntu 22.04 ta riƙa ajiye kwafin fayilolin /etc (inda saitunan tsarin suke) da kanta kullum ƙarfe 2 na dare. Ga layin da na sa a crontab na root (wato jadawalin cron, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, na asusun mai cikakken iko):

0 2 * * * tar -czf /backup/etc-$(date +%F).tar.gz /etc

Idan na buga umarnin da hannu, lafiya lau yake aiki. Amma gari na wayewa sai in tarar da /backup wayam, ko fayil ɗaya babu. Na sake tayar da cron, na rubuta /usr/bin/tar a cike, duk a banza.

Abin da ya fi ɗaure min kai, a /var/log/syslog (fayil ɗin da ke rubuta abubuwan da suka gudana a sabar) umarnin ya tsaya cak a kan "date +", sauran ya ɓace.

Don Allah, me ke sa cron yake guntule layin a daidai wurin nan?