Masanin da ke binciken cutar da ba a cika samu ba, da me ake auna aikinsa?

Ɗalibar_Sinadarai

Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a bayokemistiri, an ba mu aikin tantance tasirin wani masani a fanninmu. Na ɗauki wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kan cututtukan gado da ba a cika samu ba, irin waɗanda jiki ke rasa enzayim guda ɗaya, wato sinadarin da ke taimaka wa jiki sarrafa wasu sinadarai. Da na leƙa Google Scholar, shafin neman takardun bincike, sai jikina ya yi sanyi: ma'aunin h ɗinsa ya yi ƙasa sosai da na abokin aikinsa mai binciken ciwon suga. In rubuta cewa tasirinsa kaɗan ne? Raina bai kwanta ba, amma ga lambobi a gabana.

Tsohon_Ɗakin_Gwaji

Wa alaikumus salam, 'yata. Ma'aunin nan Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma abin da yake ƙirgawa ke nan: in an ce 20, to mutum na da takardun bincike 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20 a wasu takardun bincike. Wa zai ambace ka? Wanda ke aiki a kan abin da kake yi. Masu binciken suga dubbai ne, masu binciken wata cutar gadon kuwa sai su cika ɗaki ɗaya.

Duba Archibald Garrod, likitan Ingila. A 1902 ya yi rubutu kan alkaptonuriya, cutar da fitsarin mai ita ke yin baƙi in ya sha iska. Ya lura da yawa daga masu ita iyayensu 'yan wa da ƙani ne, ya ce gadonta ake yi, kuma wani mataki na sarrafa sinadari ne ya tsaya a jiki. Likitocin zamaninsa ba su kula sosai ba. Ya rasu a 1936. Sai a 1958 aka tabbatar da enzayim ɗin da ya ɓace, ƙwayar gadon kuma sai 1996. Maganin ma, nitisinon, sai 2020 Tarayyar Turai ta amince da shi don wannan cuta, kuma abin mamaki, wajen neman maganin kashe ciyawa aka fara haɗa shi. Da za ki auna Garrod yana raye da ma'aunin da ke hannunki, da kin ba shi maki kaɗan.

Wanda ya fi burge ni shi ne Asbjørn Følling na ƙasar Norwe. A 1934 wata uwa ta kai masa 'ya'yanta biyu masu raunin ƙwaƙwalwa, tana cewa jikinsu na wani irin wari. Ya ɗiga sinadarin ƙarfe a fitsarinsu, ya koma kore, abin da bai taɓa gani ba. Da haka aka gano PKU, cutar gado da jiki ke kasa sarrafa fenilalanin, wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki. A 1953 Horst Bickel da abokan aikinsa a Birmingham suka nuna rage fenilalanin a cimar yaro na taimakawa, farkon shekarun 1960 kuma Robert Guthrie ya fito da gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri. Yau jarirai miliyoyi ake yi wa gwajin kowace shekara, kuma ma'aikaciyar jinyar da ke tsikarar diddigen ba ta ambaton kowa a mujalla.

Mai_Ƙididdiga

Baba, ban musa ba, amma kada mu sa ta watsar da lambobi gaba ɗaya. Garrod da Følling mun san su ne don tarihi ya gaskata su. Akwai waɗanda ba a ambace su ba saboda aikin nasu ba shi da ƙwari. Malama, ki gwada shi da takwarorinsa masu aiki kan cututtuka irin nasa, ba da mai suga ba. Sannan ki duba su wa suka ambace shi. Ambato ɗaya a cikin ƙa'idojin jinya da likitoci ke bi ya fi hamsin ɗin da ɗalibansa suka yi masa. Ki buɗe OMIM, kundin cututtukan gado da Victor McKusick ya fara bugawa a 1966, ki ga ko takardunsa na cikin bayanin cutar.

Ɗalibar_Sinadarai

Na gode ƙwarai. To amma yawancin takardunsa rahoto ne kan majinyaci ɗaya ko iyali ɗaya, malaminmu kuma ya ce irin waɗannan ba su da nauyi.

Tsohon_Ɗakin_Gwaji

A cutar da ta yaɗu, malaminku na da gaskiya. A nan kuwa, cutar da Tarayyar Turai ke kira marar yawa ita ce wadda ba ta wuce mutum 1 cikin 2,000 ba, wasu ma iyalai ƙalilan aka sani da su a duniya. Ina zai samo majinyata ɗari? Ki karanta rahotannin ɗaya bayan ɗaya. Ki ware waɗanda alamomi kawai ya lissafa, da waɗanda ya auna aikin enzayim ɗin ko ya nuna sauyin ƙwayar gadon ne ya haddasa cutar. Na biyun ki kai wa malaminku.