Ɗaukar hoton titi a Zariya: abin da masu kyamara suka ba da shawara

Da masu ɗaukar hoto suka zauna tattauna hoton titi, kowa ya yarda cewa lokaci shi ne rabin aikin. Bayan sallar Asuba ko dab da Magariba haske kan yi laushi, inuwar masu kekuna da 'yan acaɓa ta miƙe a kan kwalta. Da rana tsaka hoto yakan fito fari fat. Hazon hunturu kuwa wasu na gudunsa, amma ni ina tare da masu cewa yana ƙawata hanyar da ke nufar dutsen Kufena.

An daɗe a kan hoton dare. A Kwangila, inda manyan motocin Kano da Funtua ke wucewa, ka kafa kyamara a kan abin tsayarwa mai ƙafa uku, ka sa ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) a 100, ka bar idon kyamarar a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20. Fitilun motoci sai su zama dogayen zare ja da fari. In babu abin tsayarwa, ka ɗora ta a kan katanga. Bayan ruwan sama kuma ka durƙusa kusa da kududdufi a gaban ƙofar Doka, ɗaya daga ƙofofin birnin Zariya, ƙofar za ta bayyana cikin ruwan.

Batun tsaro babu wanda ya yi wasa da shi. Ka tsaya a gefen titi kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai ɗaukar ido, da dare ka tafi da wanda zai riƙa duba maka baya. Kada ka haska filasha a idon direba, kada ka ɗauka kana tuƙi. Barikin soja da shingen binciken jami'an tsaro, ka nisanta kyamararka daga gare su. Masu talla da mata kuma, a nemi izininsu tukuna.