Neman kalma: wa ake nufi da "indigent defendant"?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara rahoto kan kotunan Amurka, ƙarfe huɗu za a karanta a rediyo. Abu biyu sun tsaya min: "indigent defendant" da "public defender". Na sa "matalauci" da "lauyan gwamnati", amma raina bai kwanta ba.

Tsohon Magatakarda: Ƙanwata, cire "lauyan gwamnati" maza. Duk wanda ya taɓa zaman kotu zai ɗauka mai gabatar da ƙara kike nufi. Ki ce "lauyan da kotu ta ba shi".

Malamar Shari'a: "Matalauci" ma ya matse ma'anar. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Gideon, mutumin da aka ɗaure shekara biyar a Florida bayan an hana shi lauya, ya rubuta ƙorafinsa da fensir daga kurkuku. Kotun ta ce dole a ba wanda ba shi da hali lauya, amma ba ta faɗi yadda za a auna rashin halin ba. Kowace jiha da ma'auninta. Wasu suna duba ko kuɗin shigar mutum ya haura kashi 125 cikin 100 na mizanin talauci na tarayya, wasu alƙali ne ke yankewa. Mai ɗan albashi ya haura layin da kaɗan, a hana shi lauya, alhali ko ya sayar da abin da ya mallaka ba zai iya biya ba. Idan kika ce "matalauci", mai sauraro zai zaci an yi adalci, ba zai ga wannan bawan Allah ba.

Mai Kishin Hausa: Ku dakata. "Lauya" ai Turanci ne. Na daɗe ina cewa a yi amfani da "garkuwar mara gata".

Tsohon Magatakarda: Allah gafarta Malam, "kotu" fa? "Alƙali" kuma daga Larabci muka samo shi.

Mai Kishin Hausa: Larabci daban. Haka muke sakaci har 'ya'yanmu suna jin kunyar harshensu.

Ɗalibin Fiƙihu: Malamai sun bambanta miskini da faƙiri: ɗaya ba shi da komai, ɗaya yana da ɗan abin da bai ishe shi ba. "Faƙiri" ya fi kusa da abin da Malama ta bayyana.

Malamar Shari'a: Ya yi kusa, sai dai mai sauraro zakka zai tuna. Ni "mara halin ɗaukar lauya" nake so, domin abin da ya kamata a auna ke nan.

Mai Fassara: Saura minti ashirin. Na ɗauki "mara halin ɗaukar lauya" da "lauyan da kotu ta ba shi". Na gode ƙwarai.

Mai Kishin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Je ki da shi na yau, amma ban janye tawa ba.