Masu jarin kasada da kamfanonin gyaran iri: ina ribar take?

Ɗalibar Noma:
Assalamu alaikum. Ina karatun kimiyyar iri, kuma akwai lissafin da ya ɗaure mini kai. Binciken da CropLife, ƙungiyar manyan kamfanonin iri da magungunan gona, ta fitar a 2022 ya ce kafin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ya isa hannun manomi, sai an kashe kimanin dala miliyan 115, an kuma shafe shekara 16 da rabi. To amma ga kamfanin Pivot Bio na Amurka ya tara dala miliyan 430 a karo ɗaya a 2021 daga masu jarin kasada, wato masu zuba kuɗi a sababbin kamfanoni da fatan riba mai yawa nan gaba. Wane mai kuɗi ne ke da wannan haƙurin? A taimaka a warware mini.

Tsohon Akanta:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ai ba jira suke yi ba. Asusun jarin kasada yawanci wa'adinsa shekara 10 ne, kuma kuɗin ba na manajan ba ne, na hukumomin fansho ne da jami'o'i da attajirai. Wa'adi na cika za su ce a miƙo musu nasu. Shi ya sa tun ranar da manaja ya sa hannu, abin da ke ransa shi ne wa zai sayi kamfanin nan daga hannunsa.

Nan ne matsalar noma take. Manyan masu saye ba su da yawa, Bayer ce da Corteva da Syngenta da BASF, kuma kowa ya san cinikin da masu tayi suka yi kaɗan ba ya tsada. Ki duba AgraQuest mai haɗa maganin ƙwari daga ƙananan halittu. An kafa shi a 1995, sai a 2012 Bayer ta saye shi kan dala miliyan 425. Ciniki ne mai kyau, amma wanda ya zuba kuɗi tun farko ya ga jira.

Sannan Pivot Bio ba iri yake sauyawa ba. Bakteriya ce ake sawa lokacin shuka, ta zauna a saiwar masara tana samar mata naitirojin daga iska. Hanyarta zuwa kasuwa ta fi gajarta nesa ba kusa ba, shi ya sa kuɗi suka karkata can.

Mai Gwajin Gona:
Malam ya yi bayani, sai dai ni a ganina ya sassauta musu. Da yawansu daga harkar manhaja suka fito, inda ake gyara kuskure cikin mako guda. Mu a filin gwaji sau ɗaya ake samun amsa a shekara, sai in an kwashi iri an kai Brazil ko Chile an ƙara zagaye. In fari ya faɗo, sakamakon shekarar ya tafi. Manomi kuma ba ya jefa gonarsa gaba ɗaya a sabon abu, kunya kaɗan zai ware ya gani tukuna. Benson Hill mai gyaran waken suya ya shiga kasuwar hannun jari a 2021 ana ta kururuta shi, a Maris 2025 ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi.

Ɗalibar Noma:
Na gode ƙwarai. To CRISPR fa, wato fasahar gyara ƙwayar halitta a daidai wurin da ake so, ba ta rage lokacin ba?

Tsohon Akanta:
Ta rage a ɗakin bincike, sauran kuma yana hannun doka. A 2018 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa irin da aka gyara ta wannan hanya yana ƙarƙashin tsauraran dokokin GMO, wato halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta. A shekarar ce kuma Monsanto ta zuba kuɗi a Pairwise, kamfanin Amurka mai gyaran iri da CRISPR. Ki lura da wanda ya zuba: babban kamfanin iri ne, mai gonakin gwaji da dillalai, wanda babu mai tsaye a kansa da wa'adin shekara 10.