Yunit ɗin mita na ƙarewa kamar ruwa a kwando, ya zan yi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Tun da aka mayar da layinmu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, wuta dai Alhamdulillah ana samu, amma aljihu ne ke ji a jika, in na sa yunit na dubu 20 da ƙyar yake kai kwana goma. Ɗaki biyu ne da falo, ni da uwargida da yara uku, kuma kun san zafin Legas ba irin na Kano ba ne, nan gumi ne, kana fitowa daga wanka kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Na canza ƙwayayen fitila duka zuwa LED, kullum ina faɗa da yara kan kashe wuta amma ban ga bambanci ba. In na hana kunna AC kuma ƙaramin ba ya barci, duk ƙurajen zafi sun feso masa a wuya.

Mai gyaran wuta, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Malam ka bar yaran nan su huta, ba fitila ke cinye maka kuɗi ba. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na awa ɗaya, ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Duk abin da ke ɗumama abu ko sanyaya shi nan ɓarawon yake, AC, hita, dutsen guga, hot plate. AC ƙarami in ya kwana yana aiki zai iya shan yunit 6 ko 7, kuma tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ƙara kuɗin Band A yunit ya haura naira 200, sai ka lissafa da kanka. Fanka kuwa ko yunit ɗaya ba ta ci a dare. Ka sa AC a 25 maimakon 16, ka haɗa da fanka, bayan awa biyu ya kashe kansa da taima, ƙofa a rufe, ka toshe ƙasanta da tsumma. Sannan ka ciro ragar cikin AC ɗin ka wanke, wallahi wasu in na buɗe sai ka ga ƙura ta yi kauri kamar bargo.

Uwargida a Idi-Araba:
Gaskiya ya faɗa. Mu labule mai kauri na sa a tagar da rana ke duka da yamma, da magariba kuma in buɗe tagogi duka tunda akwai ragar sauro. Guga sau ɗaya a sati, ruwan zafi a kan gas sai a zuba a fulas. Ka duba robar ƙofar firij ma, ka maƙale takarda ka rufe, in ta zaro cikin sauƙi to sanyi na tsiyaya.

Ɗan Alaba Rago:
Hmm ku da kuke da wutar ma kenan. Mu fetur muke zuba wa janareta, ku gode Allah.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na gwada takardar nan, firij lafiya lau. Amma da asuba na leƙa banɗaki sai ga ƙanina ya tsoma hita a bokiti yana ta danna waya, ruwa har tafasa yake, a wannan zafin! Ashe kullum haka yake yi tun zuwansa. Hitar na cikin jakata yanzu haka, da ita na taho kasuwa.