An ba ni koyarwa a dubu 45, in karɓa ko in ci gaba da adaidaita?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Wata makarantar kuɗi a unguwarmu ta ba ni koyarwa, albashi dubu 45. Yanzu adaidaitar wani nake ja, bayan balas da kuɗin mai ina tsira da na cefane, sai dai ciwon baya ya sa ni gaba. Ina da takardar shaidar koyarwa ta NCE, da iyali da yara uku. Na ce wa mai makarantar ai doka ta ce mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun Yulin 2024, ya ce ba ta shafe shi ba. Gaskiya ne? In karɓa?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. In ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ta tsame shi. Ƙirga har da maigadi da masu shara.

Maman Khalifa: Kada ka kuskura ɗan'uwa. Shekara shida na yi a irin wannan makarantar. Hutun dogon zango babu albashi, makarar minti goma a zaftare maka. Ranar da yarona ya kwanta asibiti na nemi rabin albashina, akawu ya ce in jira iyaye su biya kuɗin makaranta. Ɗan kunnen aurena na sayar a ranar. Dubu 70 ɗin ma me za ta yi? Ƙungiyar ƙwadago ta NLC dubu 250 ta tsaya a kai kafin a daidaita da gwamnati. Kano ta sa dubu 71, amma mu na makarantun kuɗi wa ya waiwaye mu?

Ɗan Kasuwa: Hajiya, kaya sun sauko fa. Shinkafa 'yar gida dubu 58 na sayo buhu.

Maman Khalifa: A ina? Ni sittin da biyar aka ce min.

Injiniya: Ƙarin albashi ne ke jawo tsadar ai. Ana ƙarawa 'yan kasuwa su ƙara.

Abu Sadik: Ba haka ba ne Injiniya. An cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ma'aikaci na kan dubu 30 ɗin 2019 har sama da shekara guda. Tsadar ce ta riga ƙarin zuwa. Ya kamata a sake duba mafi ƙarancin albashin, kar a jira shekara ukun da doka ta sa.

Maman Khalifa: Wanda bai taɓa jiran alat a ƙarshen wata ba ya bar mana maganar.

Injiniya: Yara takwas nake biya a gareji duk sati, Hajiya. Ni ma ina da bakin magana.

Na Goggo: Baban Ummi ka karɓa, in an tashi ka kwashi ɗaliban a adaidaita, albashi biyu ke nan 😂

Malam Habu: Ni masu gidan haya ne damuwata. Satin da aka sanar da ƙarin, namu ya aiko cewa ciki da falo ya koma dubu 250, alhali ko kwabo bai shigo min ba.

Baban Ummi: Na ƙirga ma'aikatan makarantar, su 19 ne. Litinin suka ce in ba su amsa.

Ɗan Kasuwa: Malam Habu wace unguwa? Namu har kuɗin kwashe masai ya ɗora mana.